Mutum-mutumi a masana'anta: albashin wa ke hawa, na wa ke sauka?

Da zarar an nuna bidiyon hannun ƙarfe yana walda a jikin mota, babu ɗan Adam ko ɗaya a kusa, abin da ake fara tambaya shi ne ma'aikata nawa aka sallama. Akwai wata tambayar da ba a cika yi ba, alhali ta fi shafar jama'a: waɗanda suka rage a masana'antar, da waɗanda suka fita suka kama wani aikin, nawa suke ɗauka yanzu a ƙarshen wata? Masana tattalin arziki sun bi sawun wannan a Amurka da Turai da Kanada, kuma da abin da suka gano aka amsa tambayoyin nan.

Wane irin mutum-mutumi ake magana a kai?

Mai kai da ƙafafu da ake gani a wuraren baje koli bai cika shiga masana'anta ba. Na masana'anta hannu ne na ƙarfe mai gaɓoɓi, galibi a kafe wuri ɗaya, kwamfuta na ba shi umarni. Abin da ya raba shi da injin saƙa ko injin cika kwalba shi ne ana iya sauya masa aiki: bana walda, baɗi fenti ko jera kwalaye. Na farko, mai suna Unimate, ya kama aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey, inda yake ɗauko ƙarfe mai zafi daga injin zubi, aikin da ma'aikata ba sa so saboda ƙuna da hayaƙi. George Devol ya ƙirƙiro shi, Joseph Engelberger ya kai shi kasuwa.

In ana batun albashi, dole a haɗa da danginsa: injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, kyamarar da ke zaƙulo kaya mai aibu, manhajar da ke lissafin kayan sito. Dukansu wani yanki na aikin hannun mutum ko idonsa suke karɓewa.

Nawa ne a duniya, kuma ina suka fi yawa?

Ƙungiyar IFR mai hedikwata a Frankfurt, wadda ke ƙidayarsu duk shekara, ta ce a ƙarshen 2023 akwai kusan miliyan 4.3 da ke aiki. A shekarar kaɗai an kafa sabbi kimanin 541,000, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. In aka auna da yawan ma'aikata a wannan shekarar, Koriya ta Kudu ce kan gaba da 1,012 a kan kowane ma'aikatan masana'anta 10,000. Sin na da 470, Jamus 429, Japan 419, Amurka 295. Masana'antun mota da na kayan lataroni su suka kwashe mafi yawa.

Da gaske yana rage albashi, ko tsoro ne kawai?

A Amurka ya rage, kuma an auna. Daron Acemoglu na jami'ar MIT da abokin aikinsa Pascual Restrepo sun kwatanta yankunan ƙasar tsakanin 1990 da 2007, waɗanda mutum-mutumi ya cika masana'antunsu irin su Detroit da kewaye, da waɗanda bai kai gare su ba. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna ƙarin mutum-mutumi ɗaya a kan kowane ma'aikata 1,000 yana rage albashi da kashi 0.42 cikin 100. Kowane ɗaya kuma yana cinye guraben aiki kusan uku in aka lissafa ƙasar baki ɗaya, kusan shida a yankin da aka kafa shi.

Wani zai ce ai 0.42 ba komai ba ne. To, an raba shi ne a kan kowa, har da likita da lauya da babu abin da ya taɓa su. Da masanan biyu suka sake bincike mai faɗi, wanda ya fito a 2022 ya kuma haɗa dukan injuna masu sarrafa kansu daga 1980 zuwa 2016, sai suka ga kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na sauyin da aka samu a tazarar albashi tsakanin rukunonin ma'aikatan Amurka daga nan ya taso. Maza marasa takardar sakandare sun rasa kashi 8.8 na darajar albashinsu ta wannan hanya, mata irinsu kashi 2.3, a daidai shekarun da masu digiri na biyu da na uku suke ta hawa.

Wanda aka kora na gane. Wanda yake nan da aikinsa, ta yaya albashinsa zai ragu?

A ce sashen walda na da mutum 40, kamfani ya kawo injuna, mutum 8 suka isa. Sauran 32 suna da iyali, dole su nemi abinci. Sai su nufi sashen haɗa kaya, ko sito, ko gadi, ko tuƙin motar kaya. Duk inda suka je sun ƙara yawan masu neman gurbi ɗaya, shi kuwa mai ɗaukar aiki in ya ga layi ya yi tsawo a ƙofarsa ba zai ƙara ko sisi ba. Ta haka ɗan sito da bai taɓa ganin mutum-mutumi da idonsa ba zai yi shekaru albashinsa na tsaye, kaya na ta tsada.

Sai batun ƙarfin ciniki. Mai walda da ya shekara 15 a kan aikin yana da abin da kamfani ba zai samu a rana ɗaya ba. In ya ajiye aiki layi ya tsaya, shi ya sa ake lallaɓa shi. Da ƙwarewar ta koma cikin manhaja, wanda ke tsaye gaban injin ɗora ƙarfe kawai yake yi ya danna maɓalli, ana iya koya wa wani cikin 'yan makonni. Ko ba a furta ba, duk wanda ke zaune a teburin tattaunawar albashi ya san in ma'aikata suka matsa, kamfani na iya ƙaro injuna.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin da ake fara ɗaukewa. Kamfani ba ya sayen inji mai tsada don ya maye gurbin mai shara. Yana farawa ne da aikin da ya fi ci masa kuɗi a cikin waɗanda inji zai iya, wato irin aikin da mai takardar sakandare yake samun albashi mai kauri da fansho da kuɗin asibiti, ya gina gida, ya kai 'ya'yansa jami'a. Irin wannan aikin shi ya raya garuruwan Michigan da Ohio bayan yaƙin duniya na biyu, kuma shi ya fara tafiya.

Wa ya fi shan wahala, na ƙasa ko na tsakiya?

Na tsakiya. Tun 2003 David Autor da abokan aikinsa suka bayyana dalili: inji ya fi gwanancewa a aikin da ake maimaitawa bisa ƙa'ida ɗaya, wanda za a iya rubuta matakansa daga farko zuwa ƙarshe. Walda a wuri ɗaya sau dubu, fesa fenti, sarrafa injin buga ƙarfe, duk suna cikin wannan aji, kuma su ne ayyukan masu matsakaicin albashi.

Wani bincike a kan kamfanonin Kanada da ya fito a 2021 ya ga waɗanda suka sayi mutum-mutumi sun rage masu matsakaiciyar ƙwarewa, sun ƙara manyan ƙwararru da kuma leburori. Har masu kula da ma'aikata sun ragu, domin inji ba ya bukatar mai tsaya masa a ka. Illar wannan ta wuce albashin yau. A da yaro kan shiga a matsayin lebura, ya zama mataimakin mai inji, ya zama mai inji, wata rana ya zama shugaban sashe. In an cire matakan tsakiya, lebura zai tsufa yana lebura, domin tazarar da ke tsakaninsa da injiniya ta fi ƙarfin koyo a bakin aiki.

To su wa ke cin riba?

Injiniyoyi, masu rubuta manhaja, da masu gyaran injunan, waɗanda suka haɗa ilimin lantarki da kanikanci da kwamfuta. Sai masu jari, domin kason da ke tafiya albashi daga abin da masana'anta ta samar yana raguwa, na riba yana ƙaruwa. Mai saye ma yana amfana da sauƙin farashi. Georg Graetz da Guy Michaels sun duba ƙasashe 17 tsakanin 1993 da 2007, suka ga mutum-mutumi ya ƙara yawan abin da kowane ma'aikaci ke samarwa da kimanin kashi 0.36 a duk shekara, ya kuma rage kason aikin masu ƙaramar ƙwarewa. Arziki yana ƙaruwa da gaske. Rigimar a wajen rabo take.

Amma ai an ce kamfanonin da suka sayi injunan ƙara ɗaukar ma'aikata suke yi?

Haka ne, kuma masu sayar da injunan na son kafa hujja da wannan. A Sifaniya an ga kamfanonin da suka rungumi mutum-mutumi sun ƙara yawan kayan da suke samarwa da kashi 20 zuwa 25 cikin shekara huɗu, ma'aikatansu kuma sun ƙaru da kusan kashi 10. Sai dai kasuwar da suka samu daga hannun wani suka ƙwace ta. A Faransa an duba kamfanoni sama da 55,000 tsakanin 2010 da 2015. Ƙasa da 600 ne suka sayi mutum-mutumi, sun kuma bunƙasa, amma abokan hamayyarsu sun rasa ma'aikata fiye da waɗanda su suka ɗauka, har jimillar ta zama asara.

Wato wanda abin ya fi shafa sau da yawa yana wata ƙaramar masana'anta a wani gari, wadda ta kasa gasa ta rufe. Shi da kansa zai ce kasuwa ce ta mutu, ba zai ambaci mutum-mutumi ba.

In aka auna da yawan ma'aikata, Jamus ta fi Amurka mutum-mutumi. Me ya sa ba a jin kuka irin na Amurka daga can?

Wolfgang Dauth da abokan aikinsa sun bi tarihin aikin ma'aikatan Jamus ɗaya bayan ɗaya daga 1994 zuwa 2014. Sun ga kowane mutum-mutumi ya cinye guraben masana'anta kusan biyu, jimilla kimanin 275,000, amma an samu kwatankwacinsu a ɓangaren ayyukan hidima, don haka yawan masu aiki a ƙasar bai ragu ba. Abin mamaki, ma'aikacin da injin ya shigo sashensa ya ma fi samun tabbacin zama a kamfaninsa. Ana sauya masa aiki ne a cikin gida.

Wannan ba sa'a ba ce, doka ce da tsari. A Jamus ma'aikata na da ikon kafa majalisarsu a cikin masana'anta, wadda dole a tuntuɓe ta kafin a sauya tsarin aiki. Dokar 1976 ta ba su rabin kujerun hukumar sa ido a duk kamfanin da ya haura ma'aikata 2,000. Ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall tana cinikin albashi ne a madadin dukan masana'antun ƙarfe da lantarki na yanki guda, ba kamfani ɗaya ba. Ga kuma tsarin koyon sana'a na shekara uku zuwa uku da rabi, wani ɓangare a aji, mafi yawa a masana'anta, wanda ke ba matashi tushe mai faɗi da za a iya ɗora masa sabon aiki a kai. A Amurka kuwa kusan kashi 6 ne kacal na ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ke cikin ƙungiyar ƙwadago, sallama kuma ba ta da wuya.

Kada a ɗauka Jamus ta tsira kyauta. Masu matsakaiciyar ƙwarewa da ke sarrafa injuna sun riƙe aikinsu amma abin da suke samu ya ragu, na injiniyoyi da manajoji ya ƙaru. Guraben da suka ɓace kuwa na matasa ne: in dattijo ya yi ritaya ba a ɗaukar wani a madadinsa. Ɗan da ubansa ya yi aiki a masana'antar mota ba ya samun ƙofar da uban ya shiga, kuma babu wanda zai yi zanga-zanga a kan aikin da ba a taɓa ba shi ba.

Tazarar albashi tsakanin maza da mata fa?

Amsar ta danganta da wuri. Bincike a ƙasashen Turai 20 da ya fito a 2021 ya ga in yawan mutum-mutumi ya ƙaru da kashi 10, tazarar na ƙaruwa da kashi 1.8, musamman a ƙasashen da dama can bambancin ya yi yawa, domin maza ne ke riƙe da muƙaman da injin ke ɗaga darajarsu. A Amurka an ga akasin haka, tazarar ta ɗan ragu, amma ta hanyar da ba abin murna ba ce: albashin maza ne ya fi faɗuwa, tunda su suka fi yawa a walda da buga ƙarfe.

Ba haka aka yi ta tsoro tun zamanin injin saƙa ba, daga baya kowa ya amfana?

Daga baya, i. Amma a duba tsawon wannan "bayan". Masanin tarihin tattalin arziki Robert Allen ya lissafa cewa a Birtaniya tsakanin 1780 da 1840 abin da kowane ma'aikaci ke samarwa ya ƙaru da kashi 46, albashi kuwa da kashi 12 kacal. Sai bayan 1840 albashin ya fara kamo shi. Masaƙan hannu, da suka haura 200,000 a shekarun 1820, sun ga abin da suke samu a mako ya faɗo daga sama da sule 20 zuwa kusan sule 6. Da yawansu sun mutu cikin talauci kafin sauƙin ya zo, jikokinsu ne suka ci moriya. Kuma sauƙin bai zo shi kaɗai ba, ya zo tare da dokokin masana'anta, halatta ƙungiyoyin ƙwadago, da yaɗuwar makarantu. Ce wa ɗan shekara 50 da aka sallama ya yi haƙuri tarihi zai gyara, wannan ba amsa ba ce.

Akwai aikin masana'anta da ya gagari inji?

Akwai. Ɗinkin tufafi har yanzu hannun mutum ne, domin yadi yana lanƙwashewa yana miƙewa, inji ba ya iya riƙe shi yadda yake riƙe ƙarfe. Adidas ta buɗe masana'antun takalma masu sarrafa kansu a Ansbach ta Jamus da Atlanta ta Amurka, a ƙarshen 2019 ta sanar da rufe su ta mayar da aikin Asiya. A 2018 Elon Musk ya amsa cewa Tesla ta wuce gona da iri wajen dogaro da injuna. Sai dai gagarar inji ba ta nufin albashi mai kyau: masu ɗinki a Bangladesh na cikin mafi ƙarancin albashi a masana'antun duniya.

Me zai hana a sa wa mutum-mutumi haraji?

Bill Gates ya kawo shawarar a 2017, a shekarar kuma majalisar Tarayyar Turai ta yi watsi da irinta. Koriya ta Kudu ta ɗan rage rangwamen harajin da take ba masu sayen injuna. Wahalar ita ce fayyace abin da za a kira mutum-mutumi, da tsoron kamfanoni su ƙaura. A ganina akwai abin da ya fi wannan sauƙi. Acemoglu da abokan aikinsa sun nuna a Amurka harajin da ke kan ɗaukar ma'aikaci ya haura kashi 25, na sayen inji da manhaja kuwa ya sauko zuwa kashi 5 zuwa 10. Gwamnati da kanta ke tura kamfani ya sayi inji ko da bai fi mutum iya aikin ba. A daidaita wannan tukuna.

Sake horar da ma'aikata ya isa?

Yana aiki in an yi shi kafin sallama, a cikin kamfanin, da gurbin da ke jiran mutum a ƙarshe. Kwas na 'yan watanni bayan an riga an kori mutum ba ya cika mayar masa da albashinsa na da. Kuma gurbin mai gyara bai kai yawan guraben da suka tafi ba, in ba haka ba kamfani ba zai sayi injin ba.

Ciniki ma yana rage tazara. A 2007 kamfanonin motar Amurka suka shigo da albashi hawa biyu, sabon ɗauka yana karɓar kusan rabin na tsohon ma'aikaci alhali a layi ɗaya suke. Yajin aikin ƙungiyar ma'aikatan mota ta UAW na mako shida a 2023 a kamfanonin Ford, General Motors da Stellantis ya samo ƙarin kashi 25, ya kuma rage shekarun kaiwa cikakken albashi daga takwas zuwa uku. Masana'antun nan cike suke da mutum-mutumi, duk da haka an matso da na ƙasa kusa da na sama.

Mu da masana'antunmu ma ba su tsaya da ƙafafunsu ba, ina ruwanmu?

Masaƙun Kakuri a Kaduna, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 har zuwa UNTL da Arewa Textiles, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, ba mutum-mutumi ya durƙusar da su ba. Rashin wuta ne, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injuna, da fasa-ƙwaurin atamfa. A Najeriya, inda mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, wuta ba tabbas, kayan gyara sai da dala, mai masana'anta ya fi samun sauƙi ya ɗauki mutum.

Amma abin yana iso mu ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce kasuwa. Kayan da ke cika Kantin Kwari da Sabon Gari daga masana'antun Sin suke fitowa, kuma duk lokacin da inji ya rage musu kuɗin sarrafawa, arhar ƙwadagonmu na rage amfani. Japan, Koriya ta Kudu da Sin duk da arhar ma'aikata suka fara kafin su hau, wannan hanyar kuwa tana ƙara ƙunci ga masu zuwa a baya.

Ta biyu ita ce sababbin manyan masana'antun siminti, taki, lemo da casar shinkafa, waɗanda ake kafa su da injunan zamani tun daga tushe. A nan tazarar a fili take: tsirarun injiniyoyi da masu kula da ɗakin sarrafawa, wasu ma daga ƙasashen waje, a kan albashi na dindindin, sai tarin masu lodi da shara da ake ɗauka ta hannun 'yan kwangila, babu fansho babu garatuti. Duk wanda ya ga yadda aikin kwamfuta ya shigo ɗinkin manyan riguna da kaftani ya san yanayin: mai injin da wanda ya iya tsara zane a manhaja suka hau, mai matsakaicin aikin keke ya rasa ciniki, gwanin aikin hannu kuwa ya tsira da masu kuɗin da ke neman na musamman.

Matashin da ke son aikin masana'anta, me ya kamata ya koya?

Lantarkin masana'anta, gyaran injuna masu aiki da iska da mai, karanta zanen wayoyi, da tsara umarnin ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa layi, waɗanda ma'aikata ke kira PLC. Wanda ya haɗa biyu daga cikin waɗannan ya fi wanda ya iya sarrafa inji ɗaya tak, domin ranar da aka sauya injin ƙwarewarsa ta tafi da shi. Kwalejojin kimiyya da fasaha da cibiyoyin hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF suna koyar da wasu daga ciki, kuma watannin koyon aiki na SIWES dama ce ta taɓa injin da makaranta ba ta da shi. Kafin ya sa hannu a takardar aiki, ya tambaya ko kamfanin ne ya ɗauke shi ko ɗan kwangila, ko ana tura ma'aikata horo in an kawo sabon inji, da kuma ko akwai reshen ƙungiyar ƙwadago a wurin.